Kurakuran da ke lalata rigar saƙi mai aska takwas

Yawancin rigunan saƙi da ake kuka da su bayan hawan sallah a Katsina ko Sallar Gani a Daura, tun kafin allura ta taɓa su aka ɓata su.

Daga marina abin yake farawa. Idan ana son zare mai ratsin fari da baƙi, sai a ɗaure wasu wurare a jikin zaren tsaye kafin a tsoma shi a baba. Ɗauri in ya yi sako-sako, ruwan baba ya kutsa ciki, farin ya koma toka-toka. A ɗaure tamau da abin da ba ya shan ruwa, kada kuma a kwance sai zaren ya bushe. Wasu kan bar zare ya daɗe a karofi wai don ya yi duhu. Ba haka baba yake kamawa ba. Zare yakan fito kore-kore, iska ce ke mayar da shi shuɗi, don haka a tsoma a fitar ya sha iska, a maimaita har launin ya kai yadda ake so.

Sai gaggawar kai saƙi wurin mai ɗinki ba a jiƙa shi ba. Audugar hannu tana tsukewa a wankin farko, zaren tsamiya kuwa, wato silikin daji da ake yi wa riga ado da shi, ba ya binta daidai, shi ya sa aikin ƙirji ke tattarewa. A jiƙa ƙwaryoyin, wato siraran sassan saƙin da ake haɗawa su zama riga, a shanya a inuwa, sannan a haɗa. Zaren ɗinkin ma a jiƙa guntunsa a goga a farin ƙyalle. In ya zuba, a canza shi.

Wajen zane, aljihu da asakensa, wato zane masu tsini kamar aska, a hagun mai sa rigar suke, tambari, wato zanen da'ira, a dama da kuma baya. Mai zane ya gama shata su duka kafin a soma cika. Zanen aska da zanen da ake kira gida biyar, magabata sun ɗauke su alamar kariya ce, saboda haka rage asake don aiki ya yi sauri, sannan a ce aska takwas ce, ha'inci ne.

Riga in ta yi datti, ban da burushi, ban da sabulun gari mai ƙarfi, ban da matsewa. Dutsen guga ma ba ya dawo da ƙyallin shuni. Sai a kai ta wurin mabuga.