Ga masu ɗakin shuka a ƙasashen sanyi

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman waɗanda ke Kanada. A nan Winnipeg sanyin Janairu yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili, shi ya sa tun Oktoba nake gyara ɗakin shukar da ke bayan gidana, wato ɗakin gilashi da ake shuka a cikinsa, don ya riƙe zafi.

Ku fara da bangon arewa. A hunturun nan rana ta kudu take bi, bangon arewa ba ya kawo haske, zafi kawai yake zubarwa. Ku toshe shi da farin soso mai tauri, irin wanda ake samu a kwalin sabon firiji. Sauran gilashin kuma ku lulluɓe shi daga ciki da ledar nan mai ƙurajen iska, mai manyan ƙuraje ta fi barin haske ya shiga. Ku bi bakin ƙofa da tafin hannu, duk inda kuka ji iska na shigowa ku liƙe.

Na jera durom uku na ruwa a jikin bangon arewan, na shafe su da baƙin fenti. Da rana su sha zafi, da dare su sake shi. Kada ku cika su fal, bara ɗaya ya daskare ya tsage mini.

Amma fa kuɓewa da yakuwa ba za su kai labari ba sai da hita. Kabeji da karas ne suka fi jure sanyi. In rana ta fito, ku buɗe ƙofa na ɗan lokaci, don danshi na ruɓar da ganye.