Kurakuran da ke ƙara wa ɗan kasuwa kuɗin dako da na kwastam

Kayan da ɗan kasuwar Alabar ko Adum ya sayo a Sin, sau biyu ake sa musu aji kafin su iso Kumasi. Kamfanin jirgi yana sa nasa don ya san kuɗin dakon da zai karɓa, kwastam kuma su sa nasu a Tema don su yanke haraji. Yawancin asarar mutanenmu daga abu ɗaya take fitowa: zaton cewa ajin da kaya suka samu bara shi za su samu bana.

Mu fara da kwastam, don nan ne kuɗi ya fi zuba. Kowace haja tana da lambar da ake kira HS, tsarin da hukumar kwastam ta duniya da ke Brussels take kula da shi tun 1988. Lambobi shida na farko iri ɗaya ne a ko'ina, ƙasashen ECOWAS kuma suna cika su goma. Wannan lamba ce ke jefa kayanka cikin ɗaya daga matakai biyar na harajin bai-ɗaya da Ghana ta fara aiki da shi a 2016: sifili, kashi 5, 10, 20 ko 35 cikin ɗari. A ce kuɗin kayanka da dako da inshora sun kama sidi 100,000. A mataki na 5 za ka biya 5,000, a na 20 kuwa 20,000. Kuma abin bai tsaya nan ba, don harajin VAT a kan jimillar kuɗin kaya da wancan harajin ake lissafa shi, in ɗaya ya hau ɗayan ma ya hau.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauko tsohuwar takarda a kwafi lamba. Ana sabunta tsarin HS kusan duk shekara biyar, kuma bugun 2022 ya canja abubuwa da dama. Wayar salula ta zamani ta samu lambarta ita kaɗai, 8517.13, faifan sola ya koma 8541.43, jirgi maras matuƙi ya samu nasa gurbin. Tun da kwastam ɗin Ghana suka koma tsarin shigar da takardun kaya na ICUMS a 2020, komai a kwamfuta ake shigarwa, lambar da ba ta dace ba tana sa a tsayar da takarda, kwantena kuma tana zaune a tasha kuɗin kwana yana taruwa. Kafin ka tura wa mai kaya ko sisi, ka ba ejan ɗinka hoton hajar da bayaninta, ya duba lambar da ke aiki yau ya faɗa maka matakin harajinta.

Sai bayanin kaya na gaba-gaɗi. Mutanen Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota a Kumasi, sun fi kowa faɗawa wannan rami, a rubuta "kayan mota" a kan rasit a wuce. Alhali taya lambarta 4011, batir 8507, matatar mai 8421, birki ne da ire-irensa ke shiga 8708. Masu yadi ma haka: na auduga yana babi na 52, na roba yana 54 ko 55, idan gauraye ne kuma zaren da ya fi nauyi a jikin yadin ake bi. In ka bar bayani a dunƙule, ka bar wa jami'i ya zaɓa maka, kuma ba shi da dalilin zaɓar mai sauƙi. Ka sa mai kayan ya rubuta kowace haja a layinta, da abin da aka yi ta da shi da amfaninta. Wanda kuma ejan ya ce masa "Alhaji, bari in sa maka lamba mai araha", ya tuna cewa sunansa ne a takarda ba na ejan ba. Ranar da aka buɗe kwantena, cikon haraji da tara duk a kansa suke.

Ta ɓangaren dako kuwa, mutane suna lissafi da sikeli su manta da girma. Jirgin sama yana ninka tsawon kwali da faɗi da tsayi a santimita ya raba da 6,000, wasu kamfanonin aike da 5,000, ya gwada da nauyin gaske, ya caje ka a kan wanda ya fi yawa. Kwali mai 60 da 50 da 40 kilo 20 ne a wurinsu in an raba da 6,000, ko da hulunan da ke ciki kilo 8 ne. A jirgin ruwa, idan haɗaka kuka yi a kwantena, girman mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi, wato CBM, ake gwadawa da kilo 1,000. Maganin a wurin ɗaurin kaya yake: a matse, a rage iska a kwali, a auna kafin a rufe.

Masu sayo kaya daga Amurka su lura, motocin da ke kai kaya daga sito zuwa tashar jirgi a can suna da nasu azuzuwan, daga 50 zuwa 500. A watan Yulin 2025 an sake tsarin, hajoji masu yawa suka koma lissafin nauyi gwargwadon girma. Kaya marasa nauyi masu cin wuri na iya hawa aji, farashin da aka ba ka a da bai zama hujja ba.

Akwai kuma kayan da mu muke gani ba komai ba, jirgi kuwa yana ganinsu kayan haɗari. Turare mai sinadarin barasa yana aji na 3, na ruwa mai kama wuta. Batirin litiyam na waya da fawa bank yana aji na 9, kuma tun 2016 an hana ɗora shi shi kaɗai a matsayin kaya a jirgin fasinja. Cusa su cikin atamfa don a tsere wa ƙarin kuɗi ganganci ne, in aka gano ana iya riƙe kayan duk wanda kuka haɗa kwantena da shi. Ka bayyana su tun farko, ka nemi takardar bayanin sinadaransu daga mai kayan, ka sa ƙarin kuɗin cikin farashin sayarwa.

Idan haja sabuwa ce kuma kana shirin shigo da ita a kai a kai, dokar kwastam ta 2015 ta ba ka damar neman hukuncin ajinta a rubuce daga hukumar tara haraji ta Ghana, GRA, kafin ka yi oda.