Rigar nutso a ruwan sanyi: jiƙaƙƙiya ko busasshiya?

Ranar da na yanke shawarar sauya riga, sanyin ruwan digiri 12 ne a ma'aunin Salshiyos, ina sanye da jiƙaƙƙiyar riga mai kaurin milimita 7. Nutson farko ya tafi lafiya lau. Muka fito muka huta awa guda a cikin jirgi, iska na dukan jikina a jiƙe, sannan muka koma. Ban yi minti 20 ba haƙorana suka fara kaɗawa a kan abin shaƙar iska, yatsuna suka ƙage har na kasa ɓalle maɓallin fitilata. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni wacce zai saya, nakan ce ya auna da nutso na biyu, domin na farko yaudara gare shi.

Ruwa na zuƙe zafin jiki fiye da iska sau 20 da wani abu. Jiƙaƙƙiyar riga, wadda Turawa ke kira wetsut, da robar niyofirin ake yin ta, mai ɗauke da ƙananan kumfan iska a ciki. Kumfan nan su ne ke riƙe maka ɗumi. Ruwa kaɗan na shiga, to amma in rigar ta yi maka burum-burum, sabon ruwan sanyi zai yi ta shiga yana fita, kaurinta ya zama na banza. Ka gwada ta kafin ka biya: ta kama jiki a wuya da hammata da gadon baya, amma ta bar ka ka ja numfashi.

Matsalarta zurfi. A mita 10 matsin ya ninka na saman ruwa sau biyu, a mita 30 sau huɗu. Kumfan sai su matse, rigar ta sirance, ɗumi ya ragu daidai inda ruwan ya fi sanyi.

Ƙiyasin da nake bi ke nan, kodayake jiki ya bambanta: milimita 5 in ruwa ya kai wajen digiri 20, milimita 7 da hula da safar hannu zuwa wajen 15. Ƙasa da haka na fi son busasshiya, ƙasa da 10 kuwa ba na ma tsayawa shawara. A Silfra ta ƙasar Aisland, inda ruwa ke tsakanin digiri 2 da 4, sai da busasshiya ake shiga.

Ita busasshiyar, wato dirayisut, tana toshe ruwa da roba a wuya da wuyan hannu, da zif na musamman. Irin wadda ake yi da yadi uku a manne ba ta da ɗumin kanta ko kaɗan, abin da ka sa a ciki shi ke aiki. Ka sa ulu ko kayan ciki da aka ɗinka don haka. Auduga kuwa kul, tana shan gumi ta kwanta maka a fata da sanyi.

Sai dai tuƙa ta ake yi. Akwai bawul a ƙirji da tiyo ke kawo masa iska daga silindar da kake shaƙa, akwai na fitarwa a dantsen hagu. In kana sauka ba ka ƙara iska ba, rigar za ta matse ka har ta bar maka shaida a fata. In ka cika iskar kuma, ta gudu ƙafafu. Haka ta faru da ni ranar koyo a tafkin wanka: ƙafafu sama, kai ƙasa, malamin yana kallona ta cikin gilashi. Ya nuna mini yadda ake naɗe gwiwa a ƙirji a wuntsila, a ɗaga kafaɗar hagu iska ta fita. A mita 3 abin dariya ne, a mita 25 kuwa tashi ne babu birki, wanda ke iya kai mutum asibiti. Kada ka kai ta teku sai ka yi kwas ɗinta.

Za ka ƙara darma a ɗamara don ka iya nutsewa, za ka riƙa goga wa zif kaki, ka barbaɗa wa robar wuya hoda, ka kuma kiyaye ta daga rana. In fatarka ba ta shiri da robar wuya ta lateks, nemi ta silikon. Af, da maganar fitsari: sanyi na kawo shi da wuri, ka kewaya kafin a ja maka zif.

In nutsonka ɗaya ne a rana, a ruwa marar zurfi, 'yan watannin zafi kawai, jiƙaƙƙiya ta ishe ka. In kana yin biyu ko uku, ko kana tsayawa cik wurin ɗaukar hoto, ɗauki hayar busasshiya sau biyu ka ji yadda take kafin ka sayi taka.