Zaɓen Jami'a da Tallafin Hazaƙa a Amurka ga Ɗalibin Kimiyyar Kwamfuta

Iyayen da suka zo Amurka da yaro mai ƙoƙari sukan ɗauka cewa sakamako mai kyau shi zai biya kuɗin kowace jami'a. Ba haka tsarin yake ba. Tallafi iri biyu ne: na buƙata, wanda ake aunawa da samun iyaye, da na hazaƙa, wanda ake bayarwa saboda maki. Harvard da Princeton da Yale da MIT ba sa ba da na hazaƙa ko kaɗan, domin duk wanda suka ɗauka gwani ne. Idan samun gidanku kaɗan ne, waɗannan manyan makarantu na iya zame muku mafi araha. Idan kuwa uwa da uba duk suna aiki, samu ya yi tsaka-tsaki, to sai ku tarar da gurbi a hannu amma kuɗin ya fi ƙarfinku. Saboda haka kafin yaro ya ƙwallafa rai a kan wata makaranta, ku buɗe shafinta ku nemi Net Price Calculator, wato manhajar ƙiyasta ainihin kuɗin da za ku biya, ku saka ainihin alƙaluman harajinku, ku ga abin da zai rage a kanku.

Kuɗin hazaƙa yana wurin jami'o'in da ɗanku zai shiga cikin na gaba-gaba. Jami'ar Alabama tana da jadawali a fili: maki kaza a SAT ko ACT (jarrabawar neman shiga jami'a), da matsakaicin sakamako kaza, tallafi kaza. Akwai kuma jarrabawar PSAT da ake yi a watan Oktoba na aji 11, wadda sababbin zuwa suka fi sakaci da ita don suna zaton gwaji ce kawai. Ita ce ƙofar National Merit, gasar tallafin hazaƙa ta ƙasa baki ɗaya. Kyautar hukumar gasar kanta dala 2,500 ce, amma makarantu irin su Alabama da Jami'ar Texas ta Dallas suna ba waɗanda suka kai zagayen ƙarshe tallafi mai tsoka, bisa sharaɗin yaro ya rubuta sunansu a matsayin zaɓinsa na farko a kan lokaci. Wanda ya tsallake ta a aji 11 yakan rasa wannan dama gaba ɗaya.

Ku duba jihar da kuke zaune ma. A Jojiya, tallafin Zell Miller yana biyan kuɗin karatu a jami'o'in gwamnatin jihar, har da Georgia Tech, ga ɗan jihar da ya kai matsakaicin sakamako 3.7 cikin 4.0 da maki 1200 a SAT. Sai dai zama ɗan jiha yana da ƙa'ida: galibi wata 12 na zama, da irin takardar izinin da kuke riƙe da ita. Haka fom ɗin FAFSA na neman tallafin karatu daga gwamnatin tarayya: 'yan ƙasa da masu katin zama na dindindin da 'yan gudun hijira ne ke cin moriyarsa. Yawancin masu biza ta wucin gadi ana lissafa su baƙi, ko da yaron a nan ya gama sakandare.

Abin da ya fi cin mutane a wannan fanni shi ne samun jami'a ba tare da samun kwas ɗin ba. Masu neman kimiyyar kwamfuta sun yi yawa, har makarantu da dama suka ware mata ƙofarta daban. A Carnegie Mellon, makarantar kwamfuta ake nema kai tsaye. A Jami'ar Washington da ke Siyatil, yawancin guraben tun daga sakandare ake cike su, kuma 'yan jihar ake fifitawa. Jami'ar Illinois ta Urbana-Champaign ta rufe hanyar sauyawa zuwa babban kwas ɗin daga wani sashe. A Texas, yaron da ya fito cikin na farko-farko a ajinsa yana da tabbacin shiga Jami'ar Texas ta Austin, amma tabbacin bai haɗa da kwas ba. Kada ku yarda da shawarar "shiga da lissafi, ka sauya daga baya" sai kun ga ƙa'idar sauyawa a rubuce. Kuma a jerin makarantu takwas zuwa goma, a samu aƙalla biyu da kuke da yaƙinin za su ɗauke shi a kwas ɗin, kuma aljihu zai iya.

Lokaci yana gaba da komai. Manyan tallafin hazaƙa sukan rufe tun 1 ga Nuwamba ko 1 ga Disamba, alhali wa'adin neman gurbi yana kaiwa Janairu. Wanda ya jira Janairu zai iya samun shiga, kuɗin kuwa an riga an raba. Ku yi hattara da Early Decision, wato neman gurbi da wuri bisa alkawarin shiga idan an ɗauke shi, domin alkawari ne mai ɗaurewa, ba ya barin ku kwatanta tayi. Early Action, wadda ita ma nema ne da wuri, ba ta ɗaure kowa, kuna da har 1 ga Mayu ku yanke shawara. Yaron da ya fara sakandare a ƙasarku ta asali, a karɓo masa cikakken sakamakon kowace shekara mai hatimin makaranta tun yanzu, a kai wa mai ba ɗalibai shawara.

Idan takardar tayi ta zo, ku karanta ta layi-layi. Makarantu sukan jera kyauta da bashi wuri guda, jimillar ta yi kyan gani, alhali wani sashe bashi ne mai ruwa, abin da gidaje da yawa ba za su amince da shi ba. Ku cire bashin ku sake lissafi, ku haɗa da ɗaki da abinci da inshorar lafiya. Sannan ku tambayi sharaɗin sabuntawa. Tallafin da ke buƙatar matsakaicin sakamako 3.5 kowace shekara yana da haɗari a fannin da darussan lissafi na shekarar farko ke kayar da haziƙai, mai 3.0 ya fi kwanciyar hankali ko da kuɗinsa bai kai ba. Ku kuma tambaya ko zangunan da tallafin zai biya ana dakatar da ƙirga su idan yaro ya tafi koyon aiki a kamfani na zango guda.