Kwamfutar tebur tana ɗaukewa haka kawai? Kurakuran da na gaji da gani

Duk wanda ya zo min da kukan kwamfutarsa tana mutuwa ba gaira ba dalili, nakan tambaye shi: ka duba wayoyin wuta? Amsar kusan kullum a'a ce, alhali ya riga ya yi mata fomatin har sau biyu.

Kwamfutar da ke ɗaukewa ɗif, ba shuɗin allon nan da Windows ke nunawa in ta samu matsala, ba wani saƙo, da wuya a ce bairos ne. Galibi wuta ce ke yanke mata, ko zafi ya yi yawa. Lambar Kernel-Power 41 da Windows ke rubutawa a Event Viewer, wurin da take ajiye bayanan abin da ya faru da kwamfuta, ma ba ta nufin komai illa cewa ta mutu ba bisa ƙa'ida ba.

Ni na sha wannan wahalar. Mako uku tawa tana ɗaukewa, na goge komai, aikin wata biyu ya salwanta, na sayi sabuwar RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, abin bai sauya zani ba. Ashe babban filogin nan mai fil 24 da ke shiga madabod, wato babban allon da ake haɗa kayan cikin kwamfuta a kai, ne bai zauna ba. Ƙugiyarsa ba ta kama ba, gefe guda ya ɗan ɗaga, robar ramuka biyu har ta yi baƙi saboda zafi. Tun daga ranar, sai na zare waya daga bango, na danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci, sannan na tura filogin har in ji ƙas. Haka nake yi wa mai fil 8 na furosesa da na katin girafik.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne canza akwatin wuta, wato PSU mai rarraba wa kayan cikin kwamfuta wuta, irin wanda ake iya zare wayoyinsa, a bar wayoyin tsohon a jikin kwamfutar don ƙiwar warwarewa. Don Allah ku daina! Bakin ya shiga ba ya nufin jerin wayoyin ɗaya ne, kowane kamfani da nasa tsarin. Da idona na ga faifan ajiya ya yi hayaƙi cikin daƙiƙa guda, hotunan shekaru suka tafi. Sabon akwati, da wayoyinsa ake haɗa shi.

Ekstenshin da ramukansa suka saki, a jefar da shi. Wayar da ke shiga bayan kwamfuta, girgiza ta a hankali; in ta yi lako-lako, canza ta. In batirin UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, ya haura shekara uku, gwada kwamfutar ba tare da na'urar ba.

Akwatin wutar kuwa kada ka kuskura ka buɗe shi, yana riƙe caji ko bayan an zare shi daga soket.