Kurakuran da aka fi yi wajen saƙar kayan adon Kirsimeti da katin gaisuwa, da yadda za a gyara

Toh 'yan uwa masu kwarashi, da zarar sanyi ya fara kaɗawa an shiga Nuwamba sai kiga hotuna sun fara yawo, wannan ta saƙa tauraro, waccan furen ƙanƙara irin na Turawa, wata 'yan ƙwallaye da ƙararrawa na ratayawa a bishiyar Kirsimeti, wasu kuma katin gaisuwar sabuwar shekara da ɗan fure a manne a gaba. Abin da na lura dashi shine yawancin masu cewa nasu baya fitowa irin na hoto ba hannu ne basu dashi ba, hannun ya faɗa, saƙar ma lafiya lau. Matsalar daga zaɓen zare take, sai kuma abin da ake yi wa saƙar bayan an ajiye kwarashi.

Mu fara da zaren. Kuskure na farko shine a ɗauki ulun da ake saƙa hular jarirai dashi ace za a yi furen ƙanƙara. Wannan ulun yawanci akirilik ne, roba ce kenan, baya shan sitaci yadda ya kamata, kuma kika kuskura kika ɗora masa dutsen guga mai zafi ya narke ya kwanta shikenan babu gyara. Ga gashi-gashi da yake dashi wanda ke toshe 'yan ramukan da sune kyan abun. Abin da ake so zaren auduga ne siriri mai lamba 10, da kwarashin ƙarfe na milimita 1.5 zuwa 1.75. Ki kula, a zaren nan duk yadda lamba ta ƙaru siriri yake ƙarawa, lamba 20 ya fi 10 siranta, lamba 5 da 3 sun fi shi kauri, in kina koyo ne ki fara da 5 idonki ya huta. In mai shago ya rantse miki auduga ce ke kuma ranki bai kwanta ba, yanki ɗan guntu ki sa masa ashana a waje, auduga zata ci da warin ƙonannen takarda ta bar toka mai laushi, akirilik kuwa narkewa zai yi ya dunƙule baƙi da tauri. Kuma dan Allah ki sayi duk abin da zaki buƙata lokaci ɗaya, fari ma kala-kala ne, ƙullin da aka rina yau da na wata mai zuwa basa zama ɗaya, sai an rataye su jere bambancin ke fitowa.

Sai maganar fatan, wato tsarin saƙa da ake bi, da ake ɗaukowa a YouTube ko Pinterest. Amurka da Ingila sunayen idon saƙarsu sun saɓa, abin da Amurka ke rubutawa sc (single crochet, gajeren ido) shi Ingila ke rubutawa dc (double crochet), dc na Amurka kuma, wato dogon ido, shine tr (treble) a Ingila. Mutum ya bi fatan Ingila da lissafin Amurka sai tauraro ya fito zanƙalele ya kusa ninka tsawonsa. Hanya mai sauƙi, in kinga sc a ko'ina cikin fatan toh na Amurka ne, Ingila basu da shi.

Ƙirga ido kuma ba sai na ja magana ba, furen ƙanƙara tsini shida gareshi, in zagayen farko ya tafi da biyar ko bakwai babu sitacin da zai gyara shi, warwarewa kawai. Ki riƙa ƙirgawa duk ƙarshen zagaye, ki maƙala fil ko guntun zare mai wata kala a idon farko. In da'ira kike saƙawa da sc, ki fara da 6 ki riƙa ƙara 6 a kowane zagaye, in da dc ne 12. Kika ga ya lanƙwaso ya yi zurfi ƙarin ya yi kaɗan ko hannunki ya matse, kika ga baki ya yi tattara ƙarin ya yi yawa.

Yanzu ga inda aikin yake mutuwa ko ya tashi, wato sa sitaci da kafewa. Wlh furen ƙanƙara in ya sauko daga kwarashi ba ya da kyan gani ko a hannun gwanaye, a cukurkuɗe yake fitowa laƙwas kamar dafaffen alayyahu, nan da yawa ke karaya su ce basu iya ba, alhali rabin aikin ne aka yi. Wasu kuma su tsoma shi a sitacin guga mai ruwa-ruwa su shanya a igiya da abin maƙale kaya, ya bushe a karkace. Ba haka ake ba.

Ki dama cokali ɗaya babba na sitacin masara a rabin kofin ruwan sanyi, ki ɗora a wuta kina juyawa har ya yi kauri ya washe, ki bari ya huce yadda hannu zai iya shiga. Sitacin rogo da masu wanki da guga ke amfani dashi ma yana yi, kauri dai ake so. In kina son wanda zai daɗe shekara da shekaru toh farin gam irin na kafintoci, su Top Bond, ki haɗa rabi gam rabi ruwa, shi yafi ƙarfi sai dai in ya bushe da wuya ki wanke ki sake, shi kuwa sitaci in ya yi datti ki wanke ki sake sawa. Akwai tsohuwar dabara ta ruwan sukari da ake yawan gani a bidiyon Turawa, ni dai bazan ba kowa shawararta ba a ƙasarmu, tururuwa da kyankyaso zasu yi biki a kai, kuma damina na sauka ya sha raɓa ya saki ya riƙa danƙo.

Kafin ki tsoma komai ki shirya wurin kafewa. Samu farar takarda ki zana da'ira daidai girman da kike so, ki ja layi uku su ratsa tsakiya su raba ta gida shida daidai, digiri 60 tsakanin kowanne, in tauraro mai tsini biyar ne digiri 72. Ɗora takardar a kan kwali mai kauri ninki biyu ko uku ko guntun soso, ki rufe da farar leda. Ledar nan kar ki manta da ita, in ba haka ba furen ya manne da takarda ya kwaso tawada ko ruwan ƙasa-ƙasa na kwali. Sai ki tsoma saƙar ta jiƙa sosai, ki matse a tafin hannu, matsewa fa ba murɗewa ba, ki danna ta cikin tsumma mai tsabta ya tsotse rarar, don in kika barshi da yawa zai bushe ya yi yana a cikin ramukan abun ya koma kamar an shafa masa leda. Fil na farko a tsakiya, sannan tsini ɗaya, sai wanda ke fuskantarsa a ɗaya ɓangaren, haka zaki yi ta tsallakawa har ki gama, kada ki bi su a jere don zai ja gefe guda. Kowane ɗan kunne da ke bakin tsini shima ki buɗe shi da fil nasa, fure ɗaya zai iya cin fil talatin, kar ki yi rowa.

Su kansu fil ɗin abin dubawa ne. Na arha da teloli ke amfani dasu suna tsatsa in sun kwana cikin jiƙaƙƙen abu, da safe kiga ɗigo-ɗigon ja a kan farin zare kuma baya fita da sauƙi. Nemi wanda baya tsatsa, in baki tabbatar ba soka guda biyu a jiƙaƙƙen farin ƙyalle su kwana kiga abin da zai faru.

Hunturu na taimaka mana wajen bushewa, abin da a Turai ke ɗaukar kwana biyu nan yakan bushe a dare ɗaya, amma kuma ƙura fa. Kar ki shanya a tsakar gida ko bakin taga, jiƙaƙƙen sitaci ya kama ƙurar nan ta zauna daram. Cikin ɗaki, ki kifa kwando a kai ki yafa mayafi mara nauyi. Kuma kar ki yi saurin cire fil don saman ya bushe, tsakiya inda zare ya taru shi ke bushewa a ƙarshe. Haka nan hannu, lokacin sanyi kowa na shafa basilin ko man kaɗanya saboda kaushi, farin zare kuma yana kwasar maiƙo ya yi dauɗa tun ana saƙa, ki wanke hannu ki goge kafin ki ɗauka, man ki barshi sai dare. Jan zare kuma, musamman in zaki haɗa ja da fari a abu ɗaya, jiƙa guntu ki ɗora a farin tishu tukuna, in ya zuba toh ki wanke shi shi kaɗai har ya daina ko ki canza.

Masu yin ƙwallaye da 'yan tsana da ake cusa wa auduga, kuskurenku ɗaya ne, kuna bin girman kwarashin da aka rubuta a jikin ulu. Wancan na riga da hula ne. Ki sauka da milimita ɗaya ko makamancin haka saƙar ta matse, in ba haka ba farar audugar ciki ta riƙa leƙowa ta jikin ja. Cusawar ma kaɗan-kaɗan ake yi ana yagawa, ba dunƙule guda ba. In yaro ɗan ƙasa da shekara 3 zai taɓa, a bar duwatsu da idon roba, a ɗinka ido da zare. Sannan ulu da kyandir basa shiri, in an ɗauke wuta an kunna kyandir a nisanta shi da bishiyar.

Bari mu zo kan kati. Tun 1843 da wani ɗan Ingila mai suna Henry Cole ya sa aka buga masa katin Kirsimeti a Landan injin ke fitar da kati tsaf babu karkata, don haka duk wanda ya bar na shago ya sayi naki aikin hannun yake biya, in kuma ya ga gam ya malalo ko kwali ya lanƙwashe bazai dawo ba. Kwali mara nauyi shine babbar matsala, a ɗora masa saƙa ya kasa tsayuwa a kan tebur ya faɗi ta fuska. Ki je wurin masu buga katin biki ki ce a baki mai giram 250 zuwa 300. A4 ɗaya in kika raba biyu kika ninke kowanne zai baki kati biyu masu girman A6, wato santimita 10.5 da 14.8, ambulan ɗinsu kuma C6. Kwali mai kauri ba a ninke shi haka kawai, bakin zai farfashe ya yi fari-fari, ɗora rula ki ja layi da bayan wuƙa ko biron da tawadarsa ta ƙare sannan ki ninke a kan layin.

Mannawa kuma, nan ne ake ɓarna. Farin gam mai ruwa in ya yi yawa takarda ta sha ta kumbura. Gam ɗin kyandir, wanda ake narkawa da zafi, yana barin tudu da zare-zare kuma ana hangensa ta ramukan saƙa. Sufa gulu kuwa kar ma ki fara, in ya haɗu da auduga zafi yake yi sosai har hayaƙi, yana iya ƙona yatsa, ga shi yana busar da zare ya canza masa kala. Abin da yafi tsabta a gani na shine ɗinki, ki huda 'yan ramuka biyu-biyu da allura a wuri uku ko huɗu, ki ɗaure saƙar da zare irin nata, ƙullin ya koma ciki, sai ki manna wata takarda a bayan murfin ta rufe shi. In ma kina so ki ɗaure da siririn ribom yadda wanda aka ba zai iya kwancewa ya rataya a bishiya, kati ya zama kyauta biyu. In dole sai gam, ɗiga da tsinken sakace a wuraren da saƙa ta yi kauri kaɗai, ki ɗora littafi mai nauyi a kai. Kuma ki yi rubutunki tukuna kafin ki manna, Barka da Kirsimeti ɗin nan in harafi ɗaya ya kuskure gara kwali kaɗai ya tafi. Ado kuma guda ɗaya ya isa, wasu sai sun haɗa fure da dutse da ƙyalƙyali da ribom a kati ɗaya har saƙar da aka sha wahala a kanta ta ɓace.

In waje zaki aika, misali 'yan uwa a Ingila, ki sani a can wasiƙar da ta wuce kaurin milimita 5 ta fita daga kuɗin ƙaramar wasiƙa, kuma injin tantance wasiƙu na murƙushe abu mai tudu, don haka na tafiya ki yi shi da siririn zare shimfiɗaɗɗe, ki ɗora guntun kwali a fuskarsa kafin ki sa a ambulan.

Masu sayarwa kuma, ana karɓar oda ranar 15 ga Disamba ana cewa in Allah ya yarda zai samu, alhali kowane fure sai ya kwana a kan fil, kuma allon kafewa ɗaya gareki. Oktoba ake farawa, a lokacin ma zare bai yi tsada ba, masu coci da masu shago a su Jos da Kaduna kuma tun farkon Disamba suke son kayansu don su yi ado. Wajen sa kuɗi kar ki lissafa zare kaɗai, zaren ai shine mafi arha a ciki, ki sa agogo kiga minti nawa ɗaya ke ci tun daga saƙa har ɓoye bakin zare da kafewa, ki haɗa da kwali da ambulan da kuɗin mota.

Bayan an sauke ado a Janairu kar a tura su cikin leda ɗaya da fitilu da waya, tsinin kakkaryewa yake. A jera su a kwance cikin gwangwanin biskit ko roba mai murfi, takarda tsakanin kowane biyu, a jefa ɗan ƙunshin nan mai tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, a ɗora saman durowa inda ɓera da raɓar damina basa kaiwa, musamman masu sitaci don shi abinci ne a wurin ƙwari.