Idan rigimar riƙon yara ta kai ku kotu, ga yadda za ki bi

Na raka ƙanwata kotu sau biyar a kan maganar yaranta biyu bayan aurenta ya mutu, toh abin da na gani a zaman bencin nan shi ne yawancin matan da ke zuwa ba su san haƙƙinsu ba sam, an riga an cusa musu cewa wai ɗa na uba ne, da an yaye shi sai a zo a ɗauke. Wannan al'ada ce kawai. A mazhabar Malikiyya da kotunan Shari'a na Arewa ke hukunci da ita, riƙon yara wato hadana uwa ce ta fi kowa cancanta, namiji har ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare a gidan mijinta. Ciyarwa da sutura da magani da kuɗin makaranta kuma suna wuyan uba ko da yaran suna hannunki.

Kafin ki je kotu ki fara da manya. Waliyyinki da nasa, mai unguwa, limamin unguwa, in a Kano kike ko wata jiha mai Hisbah su ma suna zaman sulhu. Amma don Allah duk abin da aka daddale a rubuta, kowa ya sa hannu da shaidu, nawa zai riƙa bayarwa a wata, wace rana zai zo ganin yara, ina za su yi hutu da Sallah. Mu kuskuren da muka yi kenan, da baki aka yi komai a zauren Baba, bayan wata uku mutumin nan ya ce shi bai san zancen ba.

In sulhu ya ƙi, ki je kotun Shari'a ta yankinku wajen rajistara ki shigar da ƙara, za ki biya kuɗin shigarwa, ki karɓi rasit ki adana, sai a kai masa sammaci. Ba dole sai da lauya ba, mata da yawa da bakinsu suke magana, in kuma ta yi tsauri ba ki da hali akwai hukumar gwamnati mai ba da taimakon lauya wato Legal Aid Council da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, suna taimaka wa marasa ƙarfi.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne. Alƙali ba ya aiki da kuka, hujja yake so. Ki tara takardar saki, takardun haihuwar yara, rasit ɗin makaranta, katin asibiti, har alat ɗin banki na duk abin da ya taɓa turowa da saƙonnin da kika tura kina roƙon kuɗin magani bai amsa ba, kar ki goge komai a wayarki don haushi. Ƙanwata wani ƙaramin littafi ta samu tana rubuta komai, kwanon masara nawa, sabulu, kuɗin fom, ranar da ƙaramin ya kwana asibiti da zazzaɓi da wanda ya biya. Ranar da alƙali ya tambaye ta nawa take kashewa a wata ba ta yi inda-inda ba, ta buɗe littafin nan ta karanta, ni kaina da nake baya sai da na ji ƙwalla. Shaidu ma ki nemi waɗanda suka gani da idonsu, maƙwabci ko malamin Islamiyyar yaran, ba wanda zai ce an ce ba.

A gaban alƙali ki yi magana a natse, Allah gafarta Malam kaza da kaza, kar ki katse shi tsohon mijin ko da ƙarya yake zubawa, lokacinki zai zo. Ki tsaya a kan yara, kar ki ɗebo tarihin kishiya da uwar miji, ba shi aka zo yi ba. Kuma ko an ɗage zama sau goma ki je, rashin zuwa na iya sa a kori ƙarar.

Akwai abin da ke zubar da haƙƙin riƙo, gara ki sani tun wuri. In kika yi wani aure da wanda ba muharramin yaran ba kika tare, riƙo ya bar hannunki, sai dai ba kai tsaye wajen uba yake komawa ba, mahaifiyarki ce a gaba, sannan 'yar'uwarki, a haka ake bin layi. Haka in an tabbatar ana barin yara cikin wulaƙanci ko wurin da ba aminci. Shi ya sa wasu mazan ke ƙoƙarin ɓata sunan mace a kotu, ki kula da zamanki sosai a wannan lokacin.

Ku kuma iyaye maza, wallahi zuwa makaranta a sace yaro a kai wa kaka ƙauye ba ya ƙara muku komai a gaban alƙali. In kana ganin ana cutar da ɗanka kai ma ƙofar kotu a buɗe take, kawo hujjarka. Ke ma Yaya kar ki hana shi ganin 'ya'yansa don bai kawo kuɗi ba, ki koma kotun da ta yanke ki ce bai biya ba, ita za ta tilasta shi. Yaron ƙanwata ɗan shekara shida sai da ya daina cin abinci duk ranar da za a je kotu, don ya ji ana zagin babansa a tsakar gida, daga ranar muka hana kowa yin zancen a gabansa.

In hukuncin bai yi miki ba akwai ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Shari'a, daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, amma da wa'adi, yawanci kwana 30 ne, don haka a ranar da aka yanke ki nemi kwafin hukuncin wajen rajistara kafin ki bar harabar kotun.